Iyakar Ikon Zaɓaɓɓe: Dokar Ta-ɓaci a Agadas da Asalin Tazarce

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna wahalar da masu nazarin mulki akwai tambayar abin da ke ɗaure shugaban da jama'a suka zaɓa da hannunsu, domin wanda ya hau karaga da bakin bindiga ba ya ruɗar kowa, tun ranar da ya zo an san abin da ya dogara da shi, amma wanda ya hau ta hanyar akwatin zaɓe yana riƙe da hujjar da yake iya ɗagawa duk lokacin da aka tuna masa iyakarsa, wato cewa shi ne zaɓin talakawa, alhali alƙalin da ya hana shi abin da yake so da ɗan jaridar da ya tona abin da ya ɓoye babu wanda ya taɓa jefa musu ƙuri'a. Kundin tsarin mulki, wanda shi ne babbar dokar da ke fayyace yadda ake samun iko da yadda ake raba shi da inda yake tsayawa, an ƙirƙiro shi ne musamman saboda irin wannan shugaba, kuma ƴancin ɗan ƙasa, wato haƙƙinsa na kada a tsare shi ba tare da tuhuma ba, ya faɗi ra'ayinsa, ya yi tafiya, ya taru da ƴan uwansa, ba ya da wata kariya idan hukuma ta ɗauka cewa yawan ƙuri'unta ya ba ta izinin taka shi. Jamhuriyar Nijar ta ga wannan al'amari ƙarara a shekarar 2009, lokacin da Shugaba Tanja Mamadu ya nemi wuce wa'adinsa, kuma yawancin waɗanda suka yi rubutu a kai suna fara labarin daga Yamai. Wanda ya duba da kyau zai ga tushensa yana jihar Agadas, shekara biyu kafin nan, inda aka fara gwada ajiye doka gefe guda da sunan larura, aka kuma ga cewa sauran ƙasa ba ta ɗaga murya sosai ba.

Agadas ba baƙuwa ba ce ga tunanin cewa mai mulki yana da iyaka. Bisa tarihin da aka gada a Abzin, ƙabilun Abzinawa ne suka kafa sarautar a farkon ƙarni na 15 domin su sami mai raba musu gardama da mai tsare hanyar ayari, kuma waɗanda suka naɗa sarkin sun riƙe ikon tuɓe shi, sun kuma yi amfani da wannan iko sau da yawa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da naɗin Sarki Abdulƙadir a garin a shekarar 1850, inda shugabannin ƙabilu suka taru domin tabbatar da shi. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Magili ya ratsa ƙasar Abzin yana karantarwa kafin ya isa Kano, inda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafinsa kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, kuma a daidai wannan zamani Imam Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan Agadas da Katsina. Bayan ƙarni uku, a Agadas ɗin ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna gaban Malam Jibrila ɗan Umaru, kuma daga cikin manyan laifuffukan da Shehun ya lissafa wa sarakunan Hausa daga baya akwai ƙwace dukiyar talaka da ɗora haraji ba bisa shari'a ba. Ba daidai ba ne a mayar da wannan tarihi tamkar dimokuraɗiyyar zamani, domin al'umma ce mai bayi da iyayengiji, kuma tuɓe sarki sau da yawa rikicin manya ne kawai. Abin da ake iya ɗauka daga ciki shi ne cewa mutanen wannan yanki sun san sarauta a matsayin aiki mai sharaɗi tun kafin Faransawa su zo da kalmar jamhuriya.

Kundin da aka ƙaddamar ranar 9 ga Agusta 1999, wanda ya kafa Jamhuriya ta Biyar bayan kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, an rubuta shi ne da hannun mutanen da suka sha wuyar mulkin mutum ɗaya. Ayar doka ta 36 ta ce wa'adin shugaban ƙasa shekara biyar ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya tak, ayar doka ta 136 kuma ta sa wannan tanadi cikin abubuwan da ba a iya yi wa gyara ta kowace hanya, sa'an nan ayar doka ta 49 ta ba shugaban ƙasa damar kiran zaɓen raba gardama amma ta cire sauya kundin daga cikin abubuwan da zai iya kai wa jama'a ta wannan ƙofa. Kundin ya kuma kafa kotun tsarin mulki wadda hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara a kansa, yana hawa kan kowace hukuma, kuma ba a iya tsige alƙalanta kafin wa'adinsu ya cika. A kan wannan kundi Tanja ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwa a watan Disamba na 1999, ya sake yi a watan Disamba na 2004, kuma adalci ne a faɗi cewa zaɓukan biyu ya ci su ne da ƙuri'ar gaske, kuma talakawan karkara sun ƙaunace shi saboda azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin da shirinsa na musamman ya kai ƙauyuka.

A watan Fabrairu na 2007 wata ƙungiyar ƴan tawaye mai suna MNJ, ƙarƙashin Agali Alambo, ta kai hari kan sansanin soja a Iferwan, tana ƙorafin cewa ba a cika alkawuran yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 ba, kuma arzikin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun farkon shekarun 1970 bai amfani mutanen da ke zaune a kansa ba. A watan Yuni suka afka wa sansanin Tazarzat, suka kashe sojoji, suka kama fiye da 70, daga baya kuma nakiyoyin da aka binne suka fara tashi da motoci, har a Maraɗi da Tawa da Yamai. Duk mai son ya yi wa gwamnati hukunci dole ne ya fara yarda cewa haɗarin gaskiya ne, cewa sojojin da suka mutu ƴaƴan talakawa ne, kuma babu wata hukuma da za ta zura ido ana yi mata haka. Tanja ya ƙi amincewa cewa tawaye ne, ya kira su ƴan fashi da masu safarar miyagun ƙwayoyi, ranar 24 ga Agusta 2007 kuma ya sa hannu kan dokar da ta sanya jihar Agadas baki ɗaya cikin wani hali da ake kira mise en garde da Faransanci, wanda mutane suka fassara da dokar ta-ɓaci, wato halin da ake faɗaɗa ikon jami'an tsaro na bincike da kamu da tsarewa da hana zirga-zirga fiye da abin da doka ta yarda a lokacin lafiya.

An ce dokar ta wata uku ce. Da wata ukun suka cika aka sabunta ta da sa hannun shugaban ƙasa, aka sake, aka kuma sakewa, har sai ƙarshen watan Nuwamba na 2009, wato wata 27 ke nan jihar da ta fi rabin faɗin ƙasar tana ƙarƙashinta. A cikin wannan tsawon lokaci an tsare mutane da yawa bisa zargin taimaka wa ƴan tawaye, an hana ƴan jarida shiga arewa, garin Iferwan ya kusa zama kufai saboda mazaunansa sun gudu, baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa har maƙeran azurfa da direbobi da masu masauki suka rasa abin yi, kuma ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch sun ba da rahoton kashe fararen hula ba tare da shari'a ba, ciki har da mutum bakwai da aka kashe a yankin Tigidit a watan Disamba na 2007, waɗanda hukumar soja ta ce kuskure ne aka yi a cikin musayar wuta.

Abin da aka yi wa kafofin labarai shi ya fi nuna inda aka dosa. An dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas na wata uku a watan Yuni na 2007, an rufe tashar Rediyon Faransa a ƙasar na wata guda a watan Yuli, an kama shugaban Aïr Info, Ibrahim Manzo Diallo, a filin jirgin saman Yamai a watan Oktoba, bai fito ba sai watan Fabrairu na 2008, a watan Afrilu na 2008 kuma aka rufe rediyon Sahara FM na Agadas bayan ya watsa muryoyin mutanen da ke cewa sojoji sun ci zarafinsu. Musa Kaka, shugaban rediyon Sarauniya kuma wakilin Rediyon Faransa, an kama shi ranar 20 ga Satumba 2007 saboda hirarrakin wayar da ya yi da jagoran tawayen, kuma ko da alƙali ya ce sauraron wayar da aka dogara da shi bai bi ƙa'ida ba, ko da wani alƙalin ya ce babu laifin da za a gurfanar da shi a kai, masu gabatar da ƙara sun riƙa ɗaukaka ƙara yana zaune a kurkuku, har ranar 7 ga Oktoba 2008. Hukumar da ta ga alƙali ya ce a saki mutum amma ta sami hanyar ci gaba da riƙe shi ta riga ta koyi cewa maganar kotu abu ce da ake iya kewayewa, kuma wannan ilimi ba ya tsayawa kan ɗan jarida ɗaya.

Hujjar da aka kafa duk wannan a kanta ita ce larura, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ƙarfin wannan hujja da kuma haɗarinta. Sun yarda cewa matsananciyar buƙata tana halatta abin da aka hana, kamar wanda yunwa za ta kashe a daji ya ci mushe, amma sun ɗaure wannan sauƙi da wata ƙa'ida ta biyu, cewa ana auna larura gwargwadonta, kuma abin da aka halatta saboda uzuri yana komawa haramun da zarar uzurin ya gushe. Wanda ya ci mushe don ya tsira bai zama mai halaccin buɗe rumfar sayar da shi ba. Haka nan maslaha, wato amfanin jama'a da malaman mazhabar Malikiyya suka yarda a gina hukunci a kansa inda babu nassi, sun sharɗanta ta kasance ta gaske, ta game jama'a, kada kuma ta rushe abubuwan da shari'a ta zo domin kiyayewa, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, waɗansu kuma suka ƙara mutunci. Idan aka ɗora dokar Agadas a kan wannan ma'auni, wata ukun farko suna iya samun mai kare su, amma sabuntawa bayan sabuntawa, ba tare da an zo gaban wakilan jama'a an nuna abin da tsare-tsaren suka hana ba, kuma bayan an toshe bakin duk wanda zai iya ba da shaidar abin da ke faruwa, ta fita daga babin larura. Babbar matsalar ita ce wanda ke amfana da faɗaɗa ikon shi ne kuma ke yanke hukuncin cewa larurar tana nan, alhali shari'ar Musulunci da ta zamani sun haɗu a kan cewa mutum ba ya zama alƙali a cikin shari'ar da yake da rabo a cikinta. Littattafan tarihi suna kawo yadda Sayyidina Aliyu, yana halifa, ya tsaya gaban alƙali Shuraihu kan rigimar sulkensa, ya kuma karɓi hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

Ƴan majalisar dokoki da manyan jam'iyyu da mafi yawan masu faɗa a ji na kudu ba su ɗauki abin da ke faruwa a Agadas a matsayin tauye tsarin mulki ba, sun ɗauke shi matsalar tsaro ta wani yanki mai nisan kusan kilomita 1,000 daga Yamai, wadda ta shafi waɗansu mutane da ake zargi da son raba ƙasa. Waɗansu ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi magana, kuma sun cancanci a tuna da su, amma muryarsu ba ta cika titi ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, kuma ba a shafa ba.

A watan Disamba na 2008 magoya bayan shugaban suka taru a Yamai suna roƙonsa ya ƙara shekara uku, aka raɗa wa yunƙurin suna tazarce, kalmar da ta riga ta yi baƙin jini a Najeriya tun zamanin Janar Sani Abaca a 1998. Dalilin da aka bayar shi ne a bar shi ya kammala manyan ayyuka: madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai ta Damagaram, da mahaƙar yuraniyom ta Imuraren a jihar Agadas, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta da kamfanin Areva a watan Janairu na 2009, Tanja kuma ya aza harsashinta a farkon watan Mayu. Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayin cewa zaɓen raba gardamar da ake shiryawa domin sauya kundin ya saɓa wa kundin da kuma rantsuwar shugaban. Washegari ya rushe majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen; ranar 26 ga wata Tanja ya ayyana cewa ƴancin ƙasa yana cikin haɗari, ya ɗauki ikon musamman bisa ayar doka ta 53, ranar 29 kuma ya rushe kotun da kundin ya ce ba a taɓa alƙalanta, ya naɗa wata. An dakatar da gidan rediyo da talabijin na Dunia, an tsare masu fafutika irin su Maru Amadu, ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen wanda ƴan adawa suka ƙaurace masa, hukuma kuma ta ce kashi 92 cikin 100 da ɗoriya sun amince da sabon kundin da ya ba shi ƙarin shekara uku ya kuma cire iyakar wa'adi.

Ayar doka ta 53, wadda aka ɗauko salonta daga kundin Faransa na 1958, an tanade ta ne domin lokacin da ƙasa ke fuskantar haɗari mai tsanani na nan take har hukumomi suka kasa aiki, kuma ta tanadi cewa majalisa za ta kasance a zaune tana sa ido muddin ana amfani da ita. A watan Yuni na 2009 babu abin da ya hana hukumomi aiki sai shugaban kansa, majalisar da za ta sa ido kuwa ya riga ya sallame ta wata guda kafin nan. Tsarin tunanin daidai yake da na Agadas: a ayyana haɗari, a zama mai auna girmansa, a kawar da mai shaida, sa'an nan a ce doka ce ta ba da dama. Bambancin kawai shi ne a 2007 abin ya faɗa kan makiyayi da direba da ɗan jarida, a 2009 kuma ya faɗa kan alƙalan babbar kotu da shugabannin jam'iyyu, kuma sai a lokacin ne ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula da ƴan siyasa suka cika titunan Yamai.

Masu kare tazarce suna da hujjar da ba ta kamata a yi watsi da ita ba tare da amsa ba. Suna cewa idan mulki na jama'a ne, to jama'ar da suka kafa kundin 1999 suna da ikon warware shi, kuma babu dalilin da zai sa alƙalai bakwai su hana miliyoyin mutane faɗin abin da suke so, ko mutanen wani zamani su ɗaure waɗanda suka zo bayansu har abada. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin kundin tsarin mulki aikin ɗan Adam ne, ba saukakke ba ne, kuma al'ummar da ba ta iya gyara dokarta ta zama baiwar takarda. Sai dai hujjar ta cakuɗa abu biyu da babin wakalci a fiƙihu ya rarrabe sarai. Mai dukiya yana da ikon sauya sharaɗin da ya gindaya wa wakilinsa, amma wakilin da aka ba kaya aka ce ya sayar zuwa rana kaza ba ya da ikon ya kori shaidun, ya rufe mai kayan a ɗaki, ya tambaye shi ko ya yarda a ƙara masa lokaci, sa'an nan ya fito ya sanar da amsar da kansa. Yardar da aka samu ta wannan hanya ba ta da ƙima ko da mai kayan a zuciyarsa yana son wakilin, domin an lalata hanyar da za a iya sanin hakan. Da jama'ar Nijar suna son sabon kundi, hanyar da ba ta da shubuha ita ce wanda ke kan kujera ya sauka ranar 22 ga Disamba 2009 kamar yadda aka yi alkawari, a tattauna gyaran a ƙarƙashin wanda ba zai ci moriyarsa ba.

Akwai kuma batun rantsuwa, wanda a ƙasar da kusan dukkan mutanenta Musulmi ne ya fi kowace ayar doka nauyi a zukata. Wani zai iya cewa shari'a ta yarda wanda ya rantse a kan abu sa'an nan ya ga wanda ya fi shi alheri ya warware rantsuwarsa ya yi kaffara, wato ya ciyar ko ya tufatar da miskinai goma, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Wannan sauƙi ya shafi rantsuwar da mutum ya ɗora wa kansa ne, ba ta shafi alkawarin da aka ƙulla da wasu aka kuma karɓi wani abu a kansa ba, kuma malamai sun tabbatar cewa rantsuwar da ta shafi haƙƙin wani ana fassara ta ne bisa nufin wanda ya rantsar, ba bisa abin da mai rantsuwa ya ɓoye a ransa ba. Abin da ƴan Nijar suka nufa da suka sa shugabansu ya dafa Alƙur'ani ba ɓoyayye ba ne: wa'adi biyu, sa'an nan ya tafi. A sulhun Hudaibiyya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da Abu Jandal ga mutanen Makka yana cikin mari, Musulmi suna kallo zukatansu na ƙuna, saboda sharaɗin da aka riga aka amince da shi, kuma Sayyidina Abubakar a huɗubarsa ta farko ya rataya biyayyar da ake binsa a kan tsayuwarsa bisa gaskiya, ya kuma nemi a miƙar da shi idan ya karkace. Alkawari kaya ne, kuma nauyinsa ba ya bayyana sai ranar da cika shi ya zama asara ga mai shi.

Zaɓen 4 ga Agusta an yi shi ne jihar Agadas tana nan ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, babban rediyonta mai zaman kansa yana rufe, waɗansu mutanenta suna tsare, waɗansu suna gudun hijira. Ko da za a ɗauka cewa alƙaluman da aka sanar gaskiya ne daga farko har ƙarshe, ba su amsa tambayar makiyayin da aka kama a bakin rijiya ba, domin haƙƙinsa na a gurfanar da shi gaban alƙali ko a sake shi ba kyauta ba ce daga masu rinjaye balle su janye ta da ƙuri'a. Jihar da ta fi kowace faɗi amma take cikin mafi ƙarancin jama'a ba za ta taɓa rinjayar akwati ba, saboda haka ita ce ta fi kowa buƙatar abin da akwati ba ya iya taɓawa.

Ƙarshen al'amarin sananne ne. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar a watan Oktoba na 2009, Tarayyar Turai ta tsayar da taimako, ranar 18 ga Fabrairu 2010 kuma sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka shiga fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron ministoci suka kama Tanja, jama'a da yawa suka fito suna murna. Wannan murna tana cikin asarar da tazarce ya jawo, domin ta ƙara tabbatar wa mutane cewa mai raba gardama na ƙarshe yana bariki, kuma shugaban da ya rushe majalisa da kotu ya rushe ainihin abubuwan da za su iya tsayawa tsakaninsa da bindiga. A Najeriya, ranar 16 ga Mayu 2006, majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran kundin da zai ba Shugaba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku, maganar ta mutu a zauren majalisa, aka miƙa mulki a 2007 ba tare da soja sun fito ba, duk da irin ƙorafin da aka yi kan zaɓen waccan shekara.

Jamhuriya ta Bakwai, wadda kundinta ya fara aiki ranar 25 ga Nuwamba 2010, ta kiyaye iyakar wa'adi, Shugaba Mahamadu Isufu ya sauka a 2021 bayan wa'adi biyu, firaministansa na tsawon shekara goma kuma, Birji Rafini, ɗan Iferwan ne. Amma kiyaye wa'adi bai hana sauran tauye-tauyen ba: an yi zagaye na biyu na zaɓen 2016 bayan ɗan takarar adawa Hama Amadu ya yi yaƙin neman zaɓe daga kurkuku, an tsare shugabannin farar hula irin su Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika watanni a 2018 saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, Agadas kuma ta sake ɗanɗana wata doka, mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda aka tsananta aiki da ita daga 2016 bisa matsin Turai, aka riƙa kama direbobi da ƙwace motoci a cikin ƙasa nesa da kan iyaka, alhali yawancin fasinjojin ƴan ƙasashen CEDEAO ne da yarjejeniyar 1979 ta ba su damar zirga-zirga. Lokacin da sojoji suka kifar da Shugaba Muhammad Bazum ranar 26 ga Yuli 2023 suka dakatar da kundin, mutane kaɗan ne suka fito domin kare shi, kuma ba a iya raba wannan da shekarun da zaɓaɓɓun gwamnatoci suka yi suna nuna wa talaka cewa takardar tana aiki ne kawai ranar da ta yi wa mai iko daɗi.

Duk ranar da ƴan Nijar za su sake zama domin rubuta babbar dokarsu, ya wajaba a kan malamai da lauyoyi da sarakuna da wakilan Agadas da Difa da Tilaberi, waɗanda suka fi kowa sanin zama ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, su tsaya kan cewa kowace irin wannan doka, ko da wane suna aka kira ta, ta kasance da ranar ƙarewa, kada a sabunta ta sai da yardar wata hukuma dabam da wadda ta nema, kada ta rufe rediyo ko jarida, kuma duk wanda aka kama a ƙarƙashinta a kai shi gaban alƙali cikin kwanaki ƙididdigaggu, ko a Iferwan aka kama shi ko a Yamai.